Hayar Harshe

A ƙarshen daminar bara, wata ranar Alhamis bayan an idar da sallar La'asar, ɗan ƙanena, wanda ke shekararsa ta ƙarshe a sashen koyon aikin jarida na jami'a, ya yi sallama a zaurena, ya durƙusa muka gaisa, sa'an nan ya koma gefen tabarma ya zauna, ya daɗe bai ce uffan ba, sai juya wata 'yar ambulan mai ruwan ƙasa yake yi a hannunsa, har na gane cewa ba zumunci kaɗai ya kawo shi ba. Watansa biyu ke nan yana aikin sanin makama a wani gidan rediyo, kamar yadda ake ɗora wa ɗalibai kafin a ba su digiri, kuma a makon nan ne aka fara aikensa ɗauko rahoto shi kaɗai, zuwa wani ƙauye inda wani mai riƙe da muƙami zai buɗe rijiyar burtsatse.

Ya ce saboda ɗoki ya yi sammako, ya isa tun ana kafa rumfa ana jera kujerun roba, sai ya ga sawun tayar babbar mota ya nutse cikin laka tun daga bakin titi har gindin tankin. Ya tsayar da wata tsohuwa da ke wucewa da tulu a ka, ya gaishe ta, ya tambaye ta, ta ce masa cikin dare motar ruwa ta zo ta cika tankin, injin kuwa tun da aka kafa shi ba wanda ya taɓa jin ƙararsa. Da hantsi ya dubi ludayi manyan baƙi suka iso, aka yanke ƙyalle, aka murɗa famfo, ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa, mai girma ya tara hannu ya kurɓa. Da aka tashi wani ya bi 'yan jarida ɗaya bayan ɗaya yana miƙa musu takardar bayani, a cikin kowace takarda an soke ambulan, ana cewa ga na mota. Tasa naira 5,000 ce. Ya koma ɗakin labarai ya faɗa wa na gaba da shi abin da ya gani, aka ce masa lokaci ya ƙure, kuma masu bikin sun riga sun sayi fili, saboda haka ya ɗauki abin da ke cikin takarda ya karanta. Ya kuwa karanta, da muryarsa, aka ambaci sunansa a ƙarshe.

"Baffa," in ji shi, "ni ban ƙagi ko kalma ɗaya ba. Na ce an buɗe rijiya, an kuwa buɗe. Na ce ruwa ya zubo, ya kuwa zubo a kan idona. To, me ya sa tun ran nan nake ji kamar na yi shaidar zur?"

Ban yi gaggawar amsa masa ba, domin na lura tambayar ta girmi rediyo, ta girmi jarida, kuma ba ta cikin irin waɗanda ake fitarwa a jarrabawa. Tun daga 1961 da aka buɗe makarantar koyon aikin jarida a Jami'ar Nsukka, Jami'ar Legas ta biyo baya a 1966, Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe nata sashen a ƙarshen shekarun 1970, har zuwa 2020 da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta raba wannan fanni gida bakwai, aikin jarida daban, watsa shirye-shirye daban, talla daban, hulɗa da jama'a daban, da sauransu, abin da jami'a ta fi ƙwarewa a kai shi ne koyar da yadda ake aikin: yadda ake sa muhimmin labari a jimlar farko, yadda ake tsayar da murya a gaban makirfo, yadda ake yanka sauti da hoto, yadda ake auna ra'ayin masu saurare. Wannan ilimi ne mai fa'ida, ban raina shi ba ko kaɗan, kuma na ga yadda ya gyara wa yaron nan lafazi da rubutu. Amma wanda ya bi sawun waɗannan samari da 'yan mata bayan sun gama hidimar ƙasa zai tarar ba kowa ne ke samun kujera a ɗakin labarai ba. Da dama sukan zama kakakin ma'aikata, ko masu tsara talla, ko masu riƙe wa wani babba shafinsa na Facebook, watau mutanen da ake biya albashi domin su faɗi maganar wani da bakinsu. Mas'alar da ya kamata ɗalibi ya warware tun yana aji ke nan, kafin duniya ta warware masa ita yadda take so: shin ya halatta mutum ya ba da harshensa haya, in kuwa ya halatta, mene ne a cikin harshen wanda ba ya shiga cinikin?

Rabin farko na tambayar ba shi da wuya. Ijara halal ce, wakilci halal ne, kuma fasahar magana sana'a ce kamar saƙa da ɗinki, ana iya karɓar lada a kanta. Mu da muka girma muna ganin masu rubuta wasiƙa zaune a ƙofar gidan waya, da 'yar tebur da alƙalami, mun san mutumin da ke rubuta wa tsohuwa cewa tana nan lafiya, ko kuwa hatsi ya ƙare a rumbu a aiko da kuɗi, ba ya ɗauke da alhakin gaskiyar maganar, gama ɗanta da ke karantawa a Ikko ya san uwarsa ce ke magana, hannun wani kawai ta ara. Haka tafinta a gaban alƙali, haka sankira a bakin kasuwa yana shelar abin da sarki ya ce. Kowannensu ya sayar da lokacinsa da gwanintarsa, mai ji kuwa bai ruɗe ba game da wanda ke magana.

Shaida kuwa wata aba ce daban, kuma malaman fiƙihu sun kewaye ta da shinge mai tsawo. Duk wanda ya karanta babin hukunci da shaida a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ba makarantar zaure da ba a karanta ta a ƙasar nan, ya san ba a karɓar shaidar abokin husuma, ko wanda ake tuhuma, ko wanda shaidarsa za ta jawo masa amfani, ko da kuwa mutumin kirki ne a sauran al'amuransa. Dalili shi ne, ƙimar shaida gaba ɗaya tana rataye ne a kan cewa mai ita ba shi da rabo a cikin abin da yake faɗa. To, dattijon da ke zaune a gindin darbejiya da rediyo manne a kunne, in ya ji an ce ga rahoton da wakilinmu ya aiko mana, me yake zaton yana ji, sankira ko shaida? Shaida yake ji. Ya ɗauka wani ɗa na kowa ya je ya gane masa da ido abin da shi ba zai iya zuwa ya gani ba. Tun daga 1957 da BBC ta fara magana da Hausa, da 1962 da gidan rediyon Kaduna ya soma aiki, ma'aikata bayan ma'aikata suka yi ta tara wannan yarda kaɗan kaɗan, har ta kai a ƙauyukanmu in gardama ta yi tsanani sai wani ya ce ai an faɗa a rediyo, magana ta mutu. Ni a ganina wannan yarda waƙafi ce, magabata suka bari domin amfanin jama'a, kuma yaron da aka miƙa wa makirfo jiya yana cin albarkacinta ne ba tare da ya zuba kome a ciki ba tukuna.

Da na kawo nan sai na ce masa, "Ɗana, abin da ke ci maka rai yana da suna a wurin malaman hadisi, sunansa tadlisi." Asalin kalmar daga kasuwa take, watau ɓoye aibin haja ga mai saye. Malaman suka aro ta ga maruwaicin da ba ya ƙirƙirar ƙarya, amma yakan zaɓi lafazin da zai sa a zaci ya ji daga malamin da bai ji daga gare shi ba, ko ya sakaya sunan mai rauni a cikin isnadi. In ka bi kalmominsa ɗaya bayan ɗaya ba za ka kama shi ba, alhali kuwa hoton da ya bari a zuciyar mai ji ba gaskiya ba ne. Sun ƙi wannan ɗabi'a ƙwarai, har wasunsu suka kira ta 'yar'uwar ƙarya, suka kuma daina karɓar ruwayar mai yin ta sai in ya fito fili ya ce da kunnensa ya ji. Kuma sananne ne abin da ya faru a kasuwar Madina, sa'ad da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya cusa hannu cikin tsibin hatsi ya taɓo danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sa'an nan ya nisanta mai algus daga al'ummarsa. Mai hatsin nan bai furta cewa hatsinsa busasshe ne ba. Shiru ya yi, ya bar tsibin ya yi masa magana. Ruwan da aka ɓoye a ƙarƙashin tsibi da ruwan da aka zuba a tanki da daddare hukuncinsu ɗaya, sai dai mai hatsi mutum guda zai cuta, rahoton kuwa ya shiga kunnen dubbai, cikinsu har da waɗanda za su soke sunan ƙauyen daga jerin masu bukatar ruwa.

Saboda wannan ne nake ganin maroƙin da ke tsaye a ƙofar attajiri yana kirari ya fi mai irin wannan rahoto sauƙin hisabi, domin kowa ya san roƙo yake yi, ba wanda zai gina hukunci a kan zugarsa. Hatta sojojin bakan da ke sayen fili a gidajen rediyon Kano da dare, su yabi wannan su soki wancan, muddin an sanar cewa filin saye ne, mai saurare ya san da wa yake tare, ko da yake ƙazafi da cin mutunci ba sa halatta don an biya kuɗin fili. Ɓarnar tana aukuwa ne ran da aka sa wa roƙo rigar shaida.

Sai ya ce, "To, Baffa, in na zama kakakin wata ma'aikata fa? Ai can kowa ya san bakin wani nake." Na ce haka ne, kuma aiki ne mai daraja, yana da asali a wurinmu wanda ya fi duk abin da ke cikin littattafan hulɗa da jama'a tsufa. Sa'ad da Musulmi suka yi hijira zuwa Habasha, Ƙuraishawa suka aika Amru bin Asi, tun kafin Allah ya shiryar da shi, tare da Abdullahi bin Abi Rabi'a, su je su dawo da su, kuma ba su tafi hannu sake ba: sun ɗauki jemammun fatu, abin da Habashawa ke ƙauna daga kayan Makka, suka bi manyan fadawa ɗaya bayan ɗaya da kyauta, da sharaɗin su ba sarki shawara ya miƙa baƙin tun bai ji ta bakinsu ba. Sarki Najjashi ya ƙi, ya ce sai ya ji. Musulmi suka gabatar da Ja'afar bin Abi Ɗalib ya zama bakinsu, ya kuwa yi abin da gwanin kakaki ke yi: ya san wanda ke gabansa, ya tsara maganarsa daga halin jahiliyya zuwa abin da Annabi ya kira su gare shi, ya zaɓi ya karanta daga Suratu Maryam domin ya san inda zuciyar Kirista take, har sarki ya zubar da hawaye. Zaɓen abin da za a fara faɗa, da neman ƙofar zuciyar mai ji, duk ba laifi ba ne, hikima ce. Jarrabawar ta zo ne kashegari, da Amru ya koma ya ce a tambaye su abin da suke faɗa game da Annabi Isa, yana sane cewa amsar tana iya fusata fada duka. Ummu Salama, wadda ke cikinsu, ta ba da labarin cewa ba su taɓa shiga ƙunci irin na ran nan ba. Suka taru suka yi shawara, suka tsaya a kan za su faɗi abin da Annabinsu ya zo da shi, kome zai faru ya faru. Ja'afar ya faɗa, bai rage ba, bai sakaya ba, alhali zaman lafiyar mutanen da yake wakilta na rataye a bakinsa. Sarki ya ba su aminci, ya sa aka mayar wa 'yan aike da kyaututtukansu.

Abin da na fahimta daga wannan ƙissa shi ne, kakaki yana da damar ya ƙawata gaskiyar wanda ya ɗauke shi, ya zaɓa mata lokaci da lafazi, ya kuma yi shiru a kan sirrin da ba haƙƙin jama'a ba ne su sani. Abin da ba shi da dama shi ne ya ce fari ga baƙi, ko ya tsaya yana kare wanda ya san ha'inci ya yi, gama Suratun Nisa'i ta hana zama mai husuma a madadin maha'inta. Wasu sukan fake da tauriyya, watau magana mai harshen damo wadda malamai suka yi rangwame a kanta. Amma rangwamen nan an yi shi ne domin wanda ke tsare kansa ko waninsa daga zalunci, ba domin wanda ke hana mai haƙƙi haƙƙinsa ba. Mutanen da aka gina rijiya da dukiyarsu kuwa suna da haƙƙin sanin ko tana ba da ruwa.

Kada a ce wannan magana ce ta zaure wadda ba ta yiwuwa ga mai cin albashi. Alhaji Abubakar Imam ma'aikaci ne, kuma jaridar da aka ɗora shi a kanta a Zariya cikin Janairun 1939 ta hukuma ce, Turawan mulki suka kafa ta, har da nufin kashe jita-jitar da ta bazu a lokacin cewa Ingila za ta miƙa ƙasar nan ga Jamus. Duk da haka ya buɗe shafukanta ga wasiƙun talakawa da koke-kokensu, kuma da ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da su Nnamdi Azikiwe, ya zauna da tsohon Gwamna Lugga ya zayyana masa matsalolin Arewa kamar yadda mutanenta ke ganinsu. Kwabo shi ne kuɗin jaridar, aka kuwa raɗa mata Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ni nakan karanta sunan a matsayin alkawari tsakanin mai rubutu da mai saye, cewa abin da ke cikin takardar ba a auna shi da abin da aka biya.

Akwai kuma wani gefe na amanar wanda ba kuɗi ke ɓata shi ba, gaggawa ce. Na tuna daren nan na watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, da wayoyi suka yi ta ƙara kafin asuba, 'yan'uwa na tashin 'yan'uwa cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Ba wanda ya karɓi ko sisi, ƙauna ce ta sa kowa ya isar, amma gari ya waye da mutane a gadon asibiti, wasu ma suka rasa rayukansu. Suratul Hujurati ta yi umurni da bincike kafin a yi aiki da labari, kada a auka wa mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa faɗin duk abin da aka ji ya isa ya mai da mutum maƙaryaci. Ibn Khaldun kuma, da ya zo lissafa dalilan da ke shigar da ƙarya cikin labarai, ya ambaci son ɓangare, da yawan amincewa da masu ruwaya, da neman kusanci ga masu mulki ta hanyar yabo, da rashin sanin ɗabi'ar al'amura wadda da ita ake gane abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Ina mamakin ɗalibin da zai haddace ra'ayoyin masanan Amurka game da tasirin kafafen watsa labarai, abin da ba laifi ba ne, amma ya fita jami'a bai taɓa jin yadda kakanninsa na ilimi suka tace maruwaita ta fuskar adalci da kiyayewa ba. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. Sana'ar da yaron nan zai shiga tana hukunta mai faɗin haka, tana ba da lada ga wanda ya riga kowa. Saboda haka in bai saba wa harshensa da cewa ban tabbatar ba tun yana gidan rediyon jami'a, inda kuskure ba ya cin aiki, ba zai koya ba ran da edita ke tsaye a kansa yana duban agogo.

Ya ɗago kai ya ce, "In na tona asirin mutumin nan, ba giba na yi ba?" Na ji daɗin tambayar, domin ta nuna tsoron Allah ne ke jan ragamarsa, ba son suna ba. Na ce masa Imam Nawawi, yana bin sawun Gazali, ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ke halatta, cikinsu akwai kai ƙarar zalunci, da neman taimako a kan gusar da munkari, da gargaɗin Musulmi daga sharri, kuma da wannan hujja ce malaman jarhi da ta'adili suka bayyana raunin maruwaita ba tare da sun ɗauki kansu masu cin naman kowa ba. Aikin da aka yi da dukiyar jama'a ba al'aurar mutum ba ce da za a suturta. Amma iyakar tana nan: tankin da injin su ne naka, abin da ke cikin gidansa ba naka ba ne, kuma wajibi ne ka je ka ji ta bakinsa kamar yadda Najjashi ya ƙi yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, la'alla akwai uzurin da ba ka sani ba.

Saura ambulan, wadda har yanzu ke hannunsa. A nan ne na fi jin nauyi, domin na san abin da ke bayanta. Na san akwai gidajen jarida da ke shafe watanni ba su biya albashi ba, akwai inda ake miƙa wa sabon ma'aikaci katin shaida a nuna masa cewa gonarsa ke nan, kuma mutumin da ke da mata da 'ya'ya da kuɗin haya a wuyansa, ba ni da bakin da zan tsaya daga inuwa in zarge shi. Alhakin wanda ya ɗauki ma'aikaci ya hana shi ladansa, ya tura shi ya ci daga hannun waɗanda aka aike shi ya sa wa ido, ya fi girma nesa. Amma uzurin mutum ba ya canza sunan abu. Da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ware wani kashi ya ce wannan kyauta aka yi masa, Annabi ya hau mumbari ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa ya gani ko kyautar za ta zo; Shehu Usmanu kuma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa abin da ake kira gaisuwa cikin ɗabi'un mulkin da ya yi inkari. Ma'aunin ke nan: da yaron nan ya je ƙauyen a matsayin ɗan kallo, ba makirfo a hannunsa, da ba wanda zai bi shi da na mota. Larura tana halatta abin da aka hana, amma gwargwadonta ake auna ta, kuma abin tsoro shi ne wanda ya fara karɓa domin yunwa yakan ci gaba da karɓa bayan ya ƙoshi.

Shi ya sa nake ganin shekarun jami'a su ne lokacin wannan shiri, tun wuya ba ta ɗauki kaya ba. Na shawarce shi ya riƙe wata gwaninta da za ta ciyar da shi ko da ya ajiye makirfo, kuma mafi kusa da hannunsa ita ce fassara, domin wanda ya iya juya Turanci zuwa Hausar da tsohuwar nan mai tulu za ta gane, ba Hausar da ke tafiya da ƙafar Turanci ba, ba ya rasa mai nemansa, daga ƙungiyoyin lafiya har gidajen rediyon ƙetare. Mutumin da ke da ƙofa ta biyu kuwa shi ke iya cewa a'a a ta farko. Na ce kafin ya karɓi aikin fari ya tambayi na ciki ko ana biyan albashi, gama amsar za ta gaya masa irin rahoton da za a nema daga gare shi. Na kuma ce ya samu malami ya zauna gabansa ya karanta babin shaida da babin ciniki, da abin da Gazali ya rubuta a Ihya'u game da cututtukan harshe, ko da dare ɗaya ne a mako, kamar yadda mai niyyar shiga kasuwa ke koyon hukuncin riba kafin ya buɗe shago.

Ya tambaye ni yadda zai yi da kuɗin, tun da bai san ko sunan wanda ya miƙa masa ba, kuma komawa ofishinsu da ambulan a hannu zai jawo wa gidan rediyon da ya karɓe shi rigima. Na ce ni ba mufti ba ne, ya tambayi malaminsa, amma abin da na sani shi ne bashin da ke kansa ba na mai ambulan ba ne, na mutanen ƙauyen ne. Aka kira Magariba, muka tashi.

Bayan mako uku ya dawo, fuskarsa duk ƙura. Ranar Asabar ɗin ya shiga mota da kuɗin nan ya koma ƙauyen, ya tarar da tankin ya bushe har ƙadangaru na shan rana a kan famfunan, ya ɗauki muryar mata huɗu a bakin tsohuwar rijiya, da ta mai unguwa, sa'an nan ya je ofishin mai muƙamin sau biyu, a na biyun wani jami'i ya ce masa ɗan kwangila ne bai haɗa injin da wuta ba, kuma ana kan magana. Wannan ma ya ɗauka, ya sa a ciki. Gidan rediyon da yake sanin makama ba su karɓa ba. Ya kai wa malaminsa na jami'a, malamin ya saurara, ya ce a gyara wuri biyu inda muryarsa ta yi zafi fiye da hujjarsa, kuma a sake kiran jami'in a karanta masa abin da za a watsa. Ya ciro wayar daga aljihu, ya ajiye ta a kan tabarma tsakaninmu, ya ce, "Baffa, minti huɗu ne. Ka ji, ka gaya mini in akwai inda na ƙara gishiri." Ya danna, muryar tsohuwar ta fito, ana jin ƙarar guga na bugun bangon rijiya a bayanta.